Itace marar ƴaƴa: nazari a kan fim ɗin Aisha Maki

Hausawa na cewa haihuwa maganin mutuwa. Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta ɗauko wannan magana ta juya ta a fim ɗinta mai suna L'Arbre sans fruit, wato itace marar ƴaƴa, wanda ya fito a 2016, ya kuma ci kyautar AMAA a wannan shekara. Mahaifiyarta wajen haihuwa ta rasu, ita kuwa ta yi aure haihuwar ba ta zo ba. Uwa da ɗiya, kowace ta ɗanɗana kuɗarta a kan abu guda.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin zance da Aisha take yi da marigayiyar. Abin lura ne a ce mace mai dangi ta rasa wanda za ta buɗe wa cikinta sai wadda ke kabari. Wannan kaɗai ya isa ya nuna kaɗaicin mai neman haihuwa: habaicin dangin miji, tsoron kishiya, zaman jira daga wata zuwa wata, da yawo tsakanin likita da malam da mai saiwoyi. Aisha ba ta tsaya kan kanta ba, ta zauna da wasu mata masu irin ciwonta, ta bar su suka yi magana ba gaggawa. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, sunan juya kaya ne mai nauyi, kuma fim ɗin ya sa mai kallo ya ji nauyinsa.

Sai dai aikin bai rasa giɓi ba. Muryar maza ba ta kai ta mata ƙarfi ba, alhali likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, namiji na da hannu a matsalar. Muddin miji bai yarda an auna shi ba, matar ce za ta sha magani da zargi tare. Na biyu, ƙauye bai samu rabonsa ba. Matar Tebaram ko wani gari na arewacin Adar, wadda mijinta ke bulaguro Abijan ko Libiya watanni da yawa, sai ta nemi kuɗin mota zuwa Tawa kafin ta ga likitan mata, kuma ana ƙirga mata shekarun aure kamar mijin yana gida. Tun da Sani Magori, ɗan Galmi, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin shirya fim ɗin, ana fatan masu sinima na Adar su cike wannan gurbi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da wannan jarrabawa a rayuwarsa. Saboda haka ya dace malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su nuna fim ɗin a zauren da maza da surukai za su halarta, a tattauna bayansa da Hausa. Lallashi da rakiyar miji zuwa asibiti ba su maye gurbin magani, amma su ne ke ba mace ƙarfin jure doguwar jinya ba tare da ta karaya ba.