Hashiya a Gefen Littafi, Hashiya a Cikin Manhaja

Wanda ya zauna zauren karatu a Tambuwal, garin Buhari ɗan Shehu Usmanu, ya san tsohon littafi ba ya rasa rubutu a gefe. Kwance gafaka ka zaro Risala ko Muhtasar rubutun hannu. Matani na tsakiya, an buɗa layukansa da gangan, ƙananan rubutu sun cike tsakani, wani a karkace, wani sai ka juya takardar kafin ya karantu. Nan ma'anar kalma ce da ajamin Hausa ko Fulfulde, can gyara ne an rufe shi da "sahha". Tawadar ma ba iri ɗaya ba ce, don hannu ba ɗaya ba ne.

Masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da tasu hashiyar. Cikin umarnin da suke ba na'ura sukan tsarma layukan da ita na'urar ba ruwanta da su, don mutum aka yi su. Tun 1984 masanin kwamfuta Donald Knuth yake kira da a ɗauki aikin a matsayin yi wa ɗan Adam bayani.

Ana yawan gardama a kan wadda ta fi kyawun bayani: buɗaɗɗiyar manhaja irin Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991, ko ta kamfani da ake kulle asalinta. A ganina, hashiya masu karatu take bi. Muhtasar na Halil dunƙulalle ne, ga ɗalibai rututu, shi ya sa Dardir ya yi masa sharhi, Dasuƙi ya ɗora hashiya a kan sharhin. Haka Linux: mai kawo gyara sai ya faɗi dalilinsa, baƙin idanu su tantance. Kamfani kan biya a tsara wa mai saye littafin jagora mai kyau, amma abin da ke ciki sai ma'aikatansa. Kada dai a ruɗu da kalmar "buɗaɗɗiya". Manhajar mutum ɗaya da ba mai leƙawa daidai take da littafin da ya daɗe a gafaka, gara kaɗai ke ziyartarsa.

Inda malamanmu suka fi sa'a shi ne matani ba ya motsi. Bayanin da aka rubuta a gefen Risala shekara 150 da suka wuce yana nan daram kan kalmarsa. Manhaja kuwa kullum ana taɓa ta. A sauya umarni a mance da bayaninsa, ya koma yana nuna hanyar da aka riga aka toshe. Harafi ɗaya ya kauce a umarni, na'ura na iya tsayawa cik, amma ko ƙarya aka shara a hashiya ba za ta tanka ba.

Matasan Tambuwal da Kebbe masu koyon wannan sana'a, in kun gyara layi, ku gyara hashiyarsa kafin ku tashi.