Masu Zanen Zariya Da Abin Da Suka Bari A Bango

Ku 'yan makarantar Kafur da Malumfashi da Funtuwa, in kun ga sura a littafi, kukan tambayi wanda ya zana ta? Galibi sunan mawallafi kaɗai akan riƙe. To, ga labarin waɗansu masu zane da suka yi karatu kusa da ku.

A cikin 1958 waɗansu samari na babbar kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, suna koya musu zane irin na Ingila. Samarin suka ce sun karɓi fenti da buroshi, amma abin da za su zana daga gida za su ɗebo shi.

A ganinmu Okeke ya fi kowa cika wannan alkawari. Ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Ku dubi surorin da ya yi wa littafin Achebe, Things Fall Apart. Layi ne siriri, ba tarkace, amma mutum ya fito da ransa. Grillo kuwa launin shuɗi ya rinjaye shi, har wani lokaci kyan launin kan danne labarin.

Sai dai kada ku zaci kayan aiki su ke sa zane ya zama na gida. A ƙasar Ostareliya an yi wani Albert Namatjira, ɗan asalin ƙasar, wanda ya tashi a mishan ta Hermannsburg. Wani Bature, Rex Battarbee, ya koya masa zane da fentin ruwa a 1936, aka nuna aikinsa a Melbourne a 1938, aka saye duka. Waɗansu masana suka raina shi, wai kwaikwayon Turawa ya ke yi. Daga baya aka gane duwatsu da itatuwan da ya ke zanawa ƙasar kakanninsa ce, ya san ta kamar yunwar cikinsa. Duk da sunan da ya yi, sai a 1957 aka ba shi 'yancin ɗan ƙasa, ya rasu a 1959.

Inda mu ke da ƙorafi shi ne nan. Samarin nan sun zauna a Zariya, ga dāgi a bangon soraye, ga aska takwas a ƙirjin riguna, ga zanen ƙwarya a kasuwa, amma galibinsu kudu suka waiwaya. Ba mu ga laifinsu ba, kowa ya san gidan ubansa. Mu ne ba mu tura 'ya'yanmu ajin ba, don muna ganin zane wasan yara ne. Ƙungiyar ta watse a 1961, ba ta bar mana wani Bahaushe da ya yi wa dāgi abin da Okeke ya yi wa uli ba.