Jimmy Little da Waƙar Karkara a Bakin 'Yan Asalin Ostiraliya

Waƙar kantiri ta Turawan karkarar Amurka ce, amma tun wajen 1940 ta samu gindin zama a wurin 'yan asalin Ostiraliya, mutanen da Turawa suka ƙwace wa ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An tattara su a sansanonin mishan da na gwamnati, a wurare da yawa an hana su harshensu da waƙoƙin kakanninsu, an bar musu waƙar coci. Mazansu kuma su ne makiyayan shanun Turawa a daji. Sai ga waƙa mai ba da labarin doki da shanu, kurkuku, maraici da begen gida, wadda jita ɗaya ta ishe ta a bakin wuta da dare. Tex Morton da Slim Dusty suna yawo da ita ƙauye-ƙauye, har inda sauran mawaƙa ba sa takawa.

A wannan ƙasa Jimmy Little ya tsiro. An haife shi a 1937 a sansanin Cummeragunja, bakin kogin Murray, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Yorta Yorta. Yana da kusan shekara biyu mazauna wurin suka kwashe kayansu suka haye kogin saboda zaluncin manajan sansanin. Ya shiga Sidni a 1955, ya fara fitar da faifai a 1956, sannan a 1963 waƙarsa ta yabon Ubangiji, "Royal Telephone", ta mamaye gidajen rediyo. A lura da shekarar: sai a 1967 aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta goge sashen tsarin mulkin da ya ware mutanensa daga ƙidayar jama'a.

Nan ne gardamar take. Little yakan fito fes cikin kwat, da murmushi da murya mai laushi irin ta mawaƙin kantiri Jim Reeves. Da zamanin gwagwarmayar 'yan asalin ƙasar ya zo, wasu matasa suka ga ya cika sanyi. Suna da hujja, domin wani mawaƙinsu, Vic Simms, a cikin kurkukun Bathurst ya naɗi faifansa na 1973, ɗacin kuwa a fili yake. Sai dai ni a ganina an gaggauta hukunci. A hankali ake kama kifin rijiya. Gidan da ba zai buɗe wa baƙar fata ƙofa ba ya saurare shi ta akwatin talabijin, kuma bayansa ne irin su Roger Knox da Troy Cassar-Daley suka tarar da hanya a share.

Tauraronsa ya dusashe, ya koma koyarwa a cibiyar Eora a unguwar Redfern ta Sidni, har faifan Messenger na 1999 ya dawo da shi, inda ya ɗauki waƙoƙin samarin zamani ya rera su da salonsa. Ciwon ƙoda ya kama shi, aka yi masa dashe a 2004, ya kafa gidauniya don lafiyar mutanensa na ƙauyuka masu nisa. Ya rasu a Dubbo ranar 2 ga Afrilu, 2012, yana da shekara 75.