Keken Ricci Da Amalanken Dakar

Kukan da samarinmu masu sha'awar shirya fim suka fi yi shi ne na rashin kuɗi. Kowa ka tambaya sai ya ce yana da labari, amma ba shi da abin hayar gidan bene da mota da fitaccen jarumi. Wannan sharhi zai duba tsofaffin finafinai biyu da aka gina a kan abin hawan talaka, domin mu ga ko lallai fim yana buƙatar waɗancan abubuwa.

Na farko shi ne na Vittorio De Sica, mutumin Italiya, wanda ya fito a 1948, ma'anar sunansa kuwa Ɓarayin Keke. Antonio Ricci ya daɗe ba shi da aiki a birnin Rum bayan yaƙin duniya na biyu, sai ya sami aikin manna takardun talla a bango, bisa sharaɗin ya zo da keke. Nasa kuwa yana jingine. Matarsa Maria ta kwashe zannuwan gadonsu ta jinginar, aka fanso keken. Ranar da ya fara aiki, yana bisa tsani, wani saurayi ya hau keken ya tsere. Sauran fim ɗin duk cigiya ce, shi da ƙaramin ɗansa Bruno, daga kasuwar 'yan kekuna zuwa coci, har gidan wata mai duba.

Ƙarfin wannan fim yana wurin zannuwan nan. Kafin a sace keken an riga an nuna mana abin da aka biya a kansa, har muka ga ma'aikacin gidan jingina yana hawa wata doguwar ma'ajiya maƙil da ƙullin zannuwan wasu matalautan. Ba a buɗe baki an ce mana ana talauci a Italiya ba, ido ne ya gani. Haka kuma a kasuwa, inda aka baza ƙararrawa da famfo da taya birjik, mai kallo da kansa yake gane cewa keken da aka kwance ya ɓace ke nan. Wanda ya fito a matsayin Ricci, wato Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan wasa ba, shi ya sa tafiyarsa da hannuwansa ba sa ƙarya. Sai dai kada mu ruɗi kanmu: De Sica ya riga ya ƙware kafin wannan fim, kuma ya kashe kuɗi, har ruwan sama ya haɗa da mesar 'yan kwana-kwana. Kamannin arha ne kawai gare shi.

Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Borom Sarret na Ousmane Sembène, wato Mai Amalanke, 1963. Sembène marubucin littattafai ne, ya koma fim domin yawancin mutanen Senegal da yake rubutu dominsu ba sa iya karanta shi, abin da ya kamata 'yan wannan ƙungiya tamu su yi tunani a kai. Wannan ne fim ɗinsa na farko da ya fita ga jama'a, baƙi da fari, tsawonsa kamar minti 20, da ƙaramar kyamara, aka ɗora murya daga baya. Yini guda ne na wani mai amalanken doki a Dakar. Ya ɗauki waɗanda ba su biya ba, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai wani da gawar jaririnsa maƙabarta, maroƙi ya wasa kakanninsa ya karɓe ɗan abin da ya tara. Daga nan wani mai kwat ya sa shi shiga unguwar manya inda aka hana amalanke, ɗan sanda ya tare shi, aka ƙwace amalanken, ya koma gida yana jan doki. Matarsa ta miƙa masa goyo ta fita neman abin da za su ci, ba a gaya mana ina ta nufa ba.

A nan ba ɓarawo. Doka ce ta ɗauke abin sana'ar, kuma a ganina wannan ya fi na De Sica ɗaci, tun da ba wanda za a bi da gudu. Rauninsa shi ne muryar zucin mai amalanken, wadda aka yi da Faransanci, kuma takan faɗi abin da hoton ya riga ya nuna.

To, mu fa? Tun a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, ta nuna ana iya yi ba tare da gwamnati ba. Amma da kasuwa ta buɗe sai jigon soyayya da rawa da waƙa ya mamaye, talaka ya zama mai gadi ko ɗan ban dariya a bakin ƙofar Alhaji. Yau kuwa wayar da ke aljihun ɗalibi tana ɗaukar hoto da murya a lokaci guda, abin da Sembène bai samu ba. Ɗan ƙasar Gumel ba ya ma buƙatar gina komai. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da raƙumanta da shanunta da buhunan riɗi, ga kuma iyakar Nijar a bakin gari, ta ishi mai cigiya fagen da ya fi na Rum ban tsoro, domin abin da ya ƙetare iyaka kafin azahar sai dai labari.

Sai dai wanda ya kwafi labarin Ricci kai tsaye zai faɗi. A rairayin Sule Tankarkar da ƙauyukan Gagarawa keke ba shi ne ƙashin bayan gida ba kamar amalanken shanu, a cikin gari kuwa babur ɗin haya da ake biya a hankali, ko kurar ɗan garuwa. Sannan Ricci mutum ne da bai da kowa sai 'yan abokai. Bahaushen da aka yi wa sata yana da ƙanen uba da suruki da mai unguwa da liman, kuma labarinsa yana cikin yadda zai bi su ɗaya bayan ɗaya da kunyar roƙo, wa zai ba shi aro, wa zai ba shi haƙuri kawai.

Babban tarnaƙi kuwa shi ne ƙarshe. Ricci ya gaji, ya saci keken wani a kusa da filin ƙwallo, jama'a suka kama shi suna marinsa a gaban ɗansa, mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi. Uba yana hawaye, Bruno ya kama hannunsa. Duk mun san abin da ihun "ɓarawo!" yake iya jawowa a kasuwanninmu kafin ɗan sanda ya iso. Mai shirya fim na Gumel dole ya zaɓa: ko ya nuna wannan taron yadda yake, ko ya samo mana dattijon da zai ratsa cikinsa ya ce a sake shi, kuma ya gina shi tun farkon fim yadda masu kallo a Maigatari za su yarda akwai irinsa.