«Cabascabo» da gidan da kurtu ya bari

Ƙasar Nijar ba ta da teku, amma tun zamanin mulkin mallaka jiragen ruwa sun sha ɗaukar ƴaƴanta zuwa yaƙin da ba nasu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935, wanda ya shiga sojan Faransa yana saurayi ɗanye, aka tura shi yaƙin Indoshin. Abin da ya gani can shi ya zuba cikin fim ɗinsa «Cabascabo», da aka nuna a bikin sinima na Kan, a Faransa, a 1969.

Fim ne gajere, baƙi da fari, cikin harshen Zabarmanci, kuma Ganda da kansa ya fito a matsayin tsohon sojan. Cabascabo ya dawo gida da kuɗin sallama, dangi da abokai suka yi masa caa. Yana ba su labarin fagen fama, suna taya shi cin dukiya. Da aljihu ya bushe, sai kowa ya kama gabansa. Daga ƙarshe ya juya baya ga birni, ya nufi karkara. Ƙarfin fim ɗin shi ne rashin ƙawa: babu kirari, babu tambarin jarumta, sai mutum da kunyarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai dai mai kallo daga Adar zai lura da wani giɓi. Shekarun rabuwa ana ganin su ne ta idon soja kaɗai, cikin tunaninsa na baya. Gida yana bayyana ranar tarba, kamar dai bai rayu ba tsakanin tafiya da dawowa. Wa ya nome gonar? Wa ya kwana yana juyi? Wannan ba aibi ba ne ga Ganda, domin ya faɗi abin da jikinsa ya gaya masa. Amma rabin labarin ne, kuma ɗaya rabin yana nan cikin gidajen Tawa, Ilela da Keita.

A yau ma, yaron da aka ɗauka soja yakan tafi horo Tondibiya, kusa da Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Sunan wurin da Zabarmanci yana nufin baƙin dutse. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to, dutsen nan ba kurtu kaɗai ke dafa shi ba. Uwa tana dafa nata kason a tsakar gida: ta rage awon hatsi da safe, ta manta ta zuba tuwo a kwanonsa da dare, ta kai sadaka wajen malam. Uba ya yi shiru irin na maza, amma kunnensa na ga rediyo. Ƙane ya gaji haywa da jaki tun bai isa ba. Budurwar da aka yi wa baiko ba ta da ikon tambaya a fili, sai ta bi ta bakin ƙanwarsa.

Adarawa ba baƙin jira ba ne. Sun daɗe suna sallamar ƴan bida zuwa Abijan da sauran biranen bakin teku, inda Ganda ma ya yi dako kafin Jean Rouch ya sa shi cikin fim ɗin «Moi, un noir» na 1958. Amma jiran ɗan bida daban, na kurtu daban. Ɗan bida yana kira in ya so, ya aiko kuɗi, ya dawo gab da damina. Kurtu kuwa ba shi da ikon kansa, sai abin da bariki ya yarda. A da, wasiƙarsa ta Faransanci sai an nemo ɗan lakwal ko malaminsa ya karanta, asirin gida ya bi ta bakin wani. Yanzu akwai salula, amma shirunta ya fi na wasiƙa ciwo. Tun kuma harin Inates na Disamba 2019, inda sojoji 71 suka rasu, da na Shinagodar a Janairun 2020, inda aka rasa 89, kowace uwa ta san ƙarshen horo ba shi ne ƙarshen fargaba ba.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, ya bar ƙofa a buɗe. Malaman da ke nuna wa ɗalibai «Cabascabo» za su iya sa su rubuta abin da kyamara ba ta ɗauka ba: yini guda a gidan uwar sojan, wata uku bayan tafiyarsa. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo kuma ba sa bukatar bindiga ko kakin soja don wannan aiki. Tabarma ta isa, da turmi, da tsohuwa mai ƙirga watanni. Ranar da aka kai wannan tsakar gida kan dandali, za a ga cewa horon soja mutum ɗaya ake yi wa rajista, amma gida guda ke shan sa.