Jan ɗigo mai kashe gardama

Bari in faɗa tun daga farko, kada wani ya ce na yi masa kwana-kwana: ni ɗan ga-ni-kashe-nin waɗannan na'urori biyu ne. Ɗaya nisa take aunawa, ɗaya zafi, kuma babu wadda take taɓa abin da take awo. Ta farko ita ce Bosch GLM 40, 'yar mitsitsiya, aljihun riga ma ya yi mata yawa. Ta biyu Fluke 62 MAX, ruwan ɗorawa da baƙi, mai siffar ƙaramar bindiga har da kunamarta. Sana'ata haɗa sola da wayarin gidaje a nan Madarunfa da ƙauyukan kewaye, daga Safo zuwa Gabi har Ɗan Isa. In na manta filaya a gida, aro nake yi. In na manta waɗannan biyu, juyawa nake yi in ɗauko, ko da na kai bakin aiki.

Ana cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Haka ne. Sai dai mai sayar da waya a kasuwar Maradi ba ya karɓar kima, mita yake lissafawa, kuma kowace mita kuɗi ce. Da can ko dai a taka da ƙafa, ko a auna da gaba da kamu, ko a jawo tef a nemo yaro ya riƙe ɗaya bakin, tef ɗin yana lanƙwashewa a tsakiya, yaron yana kallon wani wuri. In rufi ne, sai an nemo tsani. Yanzu fa? Ka jingina gindin na'urar da bango, domin daga gindinta take fara lissafi, ka danna maɓalli. Jan ɗigo zai faɗa a bangon da ke gabanka. Ka sake dannawa. Kafin ka ƙifta ido lamba ta fito, har da milimita. Tana kai mita 40, kuma kuskurenta a yanayi mai kyau bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Ka ba ta tsawo da faɗi, ta ba ka girman fili, wanda da shi ake sanin yawan fenti ko tayil. Ka ƙara mata tsayi, ta ba ka cikin ɗakin gaba ɗaya. Duk wannan da ƙananan batura biyu irin na rimot. Kai, wannan abu da daɗi yake!

Wani dattijon magini da aiki ya haɗa mu a wani gida ya dube ta a hannuna, ya taɓe baki.

"Yaro, wannan tocilar wasan ce za ta gaya mini tsawon ɗakin da na gina da hannuna?"

"Baba, ai kai ne gaba. Faɗi naka."

Ya taka ɗakin a hankali, ya ce mita huɗu cif. Na danna, ta ce mita 4 da santimita 7. Ya ce a kawo tef. Aka ja, aka miƙar da kyau, tef ya bi bayan na'ura. Bai yi fushi ba. Ya yi shiru yana shafa gemu, can sai ya ce in auna masa daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan in gicciya in auna ɗaya. Idan tsawon biyun ya zo ɗaya, ɗaki ya tsaya daidai, bai karkace ba. Tsohuwar dabarar magina ce da suke yi da igiya, kuma nan take ya gane cewa ga abin da zai yi masa ita ba tare da mutum biyu ba. Tun daga nan, ko a hanya muka gamu, gaisuwarsa ke nan: "Ina 'yar jan idon?"

Abin da ya fi tsuma ni shi ne yadda take aikin. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Bangon da ke mita 10 daga gare ka, zuwa da dawowar haske mita 20 ke nan, kuma yana gama tafiyar cikin kashi 67 daga biliyan na daƙiƙa. Wane agogo ne zai kama wannan? To, ƙananan na'urori irin tawa wayo suke yi. Suna sa hasken leza ya riƙa ƙarfi yana raguwa sau miliyoyi a daƙiƙa, sai su gwada tsarin wanda ya fita da na wanda ya dawo. Ɗan jinkirin da ke tsakaninsu shi ne nisan. Tun 1983 ma, ita kanta mita da gudun haske aka ƙayyade ta a duniya. Wato 'yar abin nan da ke aljihuna daga tushe take ɗebo awonta.

Kuma ba wani tsohon ilimi ba ne. A 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka. A 1969 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka ajiye madubai a kan wata, kuma har gobe masana na harba musu leza daga ƙasa suna jiran ta dawo. Da haka aka gano cewa watan nan da muke leƙe daren azumi da daren salla yana ja da baya daga gare mu da kusan santimita 3.8 kowace shekara. Ta hannu kuwa, sai a 1993 kamfanin Leica ya fito da DISTO, wadda ta buɗe wa sauran hanya. Masu awon hanya da ake gani da na'ura mai ƙafa uku, irin na aikin layin dogon Kano zuwa Maradi mai kilomita 284 da aka ƙaddamar a 2021, babbar yayar tawa suke ɗauke da ita.

Tawa kuwa tana da lissafin Fitagoras ɗin nan da mushe ya sha wahalar cusa mana a lakwal. Ka tsaya daga ƙasa, ka haska gindin gini, ka haska samansa, ta ba ka tsayinsa. Hasumiyar masallaci, tankin ruwa, falwaya, duk ba sai an hau ba. Abu biyu ne kawai ba sa shiri da kowace leza ta hannu: tsakar rana da ruwa. A filin Allah da azahar jan ɗigon ɓacewa yake yi wa ido, don haka awon waje da sassafe ko da la'asar sakaliya ya fi. Ruwa kuma haske ratsa shi yake yi ko ya goce. Maganin wannan mai sauƙi ne. In zurfin rijiya kake so kafin ka sayi famfo, zura busasshiyar ƙwarya ta zauna a saman ruwan, ka ɗora ɗigon a bayanta. Cikin rijiya da duhu, ɗigon sai ya fito tar.

Yanzu ga 'yar bindigar zafi, wadda in aka matsa mini in zaɓi ɗaya, sai na yi dogon tunani.

Yawancinmu a 2020 muka fara ganin danginta, lokacin korona, bayan an samu mutum na farko mai cutar a Nijar ranar 19 ga Maris. A ƙofar banki ko ofis sai a nuna maka abu a goshi. Masu hawa jirgi sun riga mu, sun gan ta tun zamanin Ebola a 2014. Sai jita-jita ta tashi, wai tana harba wani haske da ke lalata ƙwaƙwalwa, har wasu suna miƙa hannu maimakon goshi. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba ta harba komai don ta auna, karɓa take yi. Duk abin da ke duniya, dutse, ruwa, jikin mutum, har ƙanƙara, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon ƙarfin hasken. Idon da ke bakinta yana tattara shi ya zuba a kan wani ɗan sinadari da ke mai da ɗumi lantarki, sai ƙwaƙwalwarta ta mai da shi lamba. Jan ɗigon da ake gani a irin tawa saiti ne kawai, don ka san inda ka nufa. Ba a dai haska shi a idon kowa.

Wanda ya gano ɓoyayyen hasken nan William Herschel ne, masanin taurari a Ingila, a 1800. Ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku, yana gwada zafin kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ma'aunin ya ƙara tashi. Duk lokacin da na ja kunama sai in ji kamar in yi wa mutumin nan jinjina.

A aikin sola kuwa, ba a magana. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti a digiri 25 aka gwada shi, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A bazarar Madarunfa, faranti a kan kwano yana haura 60 ba tare da wani ƙoƙari ba. Da, in na ce wa maigida a ɗaga farantin a bar iska ta bi ta ƙarƙashi, sai ya ɗauka kuɗin ƙarfe nake nema. Yanzu nuna masa lamba nake yi. Kan batir da ya saki, waya da ta yi wa kaya ƙanƙanta, sashen faranti da kashin tsuntsu ya rufe yana gasuwa shi kaɗai, duk zafi ne ke tona musu asiri tun kafin a ji ƙauri, kuma ba sai na kai hannu kusa da wuta ba. Shi ma batir mai ruwa, a ƙa'idar masu sana'a, ƙarin digiri 10 sama da 25 na iya cinye rabin kwanansa, don haka kafin in zaɓa masa wuri sai na bi ɗakunan gida ina harbin bango. Masu lambun Jiratawa da suka ga na duba boris ɗin wani injin ban ruwa yana cikin aiki, sai da suka zagaye ni. 'Yar bindigar tana ɗauka daga digiri 30 ƙasa da sifili har 500, amsa ba ta kai daƙiƙa ba, an yi ta ta jure ƙura da faɗuwa daga mita uku, kuma batir ɗaya tal take ci.

Wasa ma ina yi da ita, ba zan ɓoye ba. Na harbi yashin tsakar gida da rana, na harbi inuwar gawo, na ga ratar da ke tsakaninsu ta wuce digiri ashirin. Na harbi cikin randa, na ƙara girmama maginan tukwane. Ruwan da ya gagari leza, ita abokinta ne: daga bakin tafkin Madarunfa, can wajen da masu ziyarar kushewun waliyyai 99 ke wucewa, tana ba ka zafin fuskar ruwa sarai, masunta suna leƙowa suna tambaya ko tana nuna inda kifi yake. Ba ta nunawa. Wata safiya na tsaya wajen mai ƙosai na saita kaskonta. Ita ba ta ko dube ni ba. Ta ɗiga ɗan ƙullu a man, ya nutse ya taso nan take yana tsuwa, ta ce ya yi. Na duba, yana wajen 175, daidai inda littattafan girki ke so.

"Ɗan nan, in ka gama harbin man nawa, na nawa za a zuba maka?"

"Inna, na dala ashirin. Ke kam ba ki buƙatar na'ura."

Akwai abu biyu da mai saye ya kamata ya riƙe, kuma halin duk irin waɗannan ne. Na ɗaya, ganinta buɗewa yake yi kamar hasken tocila: tawa, in ka ja baya mita ɗaya, faɗin santimita 10 take karantawa, ta haɗa zafin duk abin da ke ciki. In abu ƙarami ne, matso. Na biyu, ƙarfe mai sheƙi yaudararta yake yi, domin ba ya sakin nasa hasken sosai, na maƙwabta yake maidowa. Sabuwar tukunyar dalma tana tafasa, sai ka ga lamba ƙasa. Manna ɗan baƙin salatif a jiki, ka jira ya ɗau zafi, ka harbi salatif ɗin. Ta cikin gilashi ma ba ta gani, zafin gilashin za ta ba ka.

Sai magana mai nauyi. Irin tawa ba ta mutane ba ce. Kuskurenta na iya kai digiri ɗaya da rabi, wanda a jikin inji ba komai ba ne, a jikin yaro kuwa shi ne tsakanin lafiya da zazzaɓi. Ta goshi daban take, an tsara ta don jikin ɗan Adam, daga 'yan santimita kaɗan ake riƙe ta. Ita ma ina sonta ƙwarai. Duk wanda ya ga layin mata da goyo a asibitin Madarunfa da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ganiyarsa, wasu ma daga ƙetaren iyaka suka zo inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka daɗe suna taimaka wa sashen yara, zai san darajar abin da ke ba da amsa nan take ba tare da an tashi jariri daga barci ba. Amma wanda ya sauko daga kabu-kabu cikin rana goshinsa zai yi zafi, wanda ya idar da alwala zai yi sanyi. A bar mutum ya huta a inuwa tukuna. Kuma lamba ba ta faɗin cuta. In yaro ya yi zafi, gwajin jini ne zai raba gardama, a gidan likita.

Araha? Ba su da ita, musamman Fluke. Akwai na China masu sauƙin kuɗi, kuma wasunsu suna aiki lafiya lau. Kafin ka biya, gwada ta nisa da tsawon da ka riga ka sani, ta zafi kuma ka harbi ruwan ƙanƙara da aka motsa, ka ga ko za ta zo kusa da sifili. Kada ka bar su a akwatin babur cikin rana, kuma in za su jima a ajiye, cire batir kada ya yi ruwa. Ni yanzu idona yana kan kyamarar zafi, wadda ke nuna farantin sola gaba ɗaya launi-launi, inda ya gasu ya fito ja. Na riga na shiga adashe saboda ita, kuma na roƙi uwar adashe ta ba ni ɗaukar farko.