Kambin Soja: Hujjar Tartuliyan a Ma'aunin Ribaɗin Wurno

Wajen shekara ta 211 Miladiyya, malamin Kirista Tartuliyan na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya wallafa risalarsa De Corona domin kare wani sojan Rum da ya ƙi ɗora kambin ganye a kansa ranar rabon kyautar sarki. An tsare sojan, wasu Kiristoci kuma suka zarge shi da tsokano musu fitina. Tartuliyan ya tsaya masa da hujja biyu: kambin al'adar bautar gumaka ce, sannan wanda ya yi wa Almasihu mubaya'a bai dace ya rantse wa Ƙaisar ko ya ɗauki takobi ba. Irin wannan ra'ayi bai mutu ba. Yana nan wajen Shaidun Jehobah masu ƙin sara wa tuta, da Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya, wadda tushenta ke Garkida tun 1923, take kuma cikin majami'un da suka gaji ƙin yaƙi.

Hujjar farko ita ce mai ƙarfi, kuma ɗalibin tauhidi ba zai ji ta baƙuwa ba. Marubucin ya gane cewa daula takan ari tufafin ibada ta yafa wa kanta: tsayuwa cikin ƙanƙan da kai, rantsuwa, waƙar taro, da kiran duk wanda ya faɗi a fagen fama tsarkakakke. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya rarrabe mai yaƙi don jarumta ko ƙabilanci ko riya da mai yaƙi don ɗaukaka kalmar Allah, Imam Bukhari kuma ya ƙulla babi a kan hana yanke wa wani mutum shahada kai tsaye. Ko a cikin jihadin Sakkwato, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka a Tazyinul Waraƙat kan mayaƙan da suka karkata ga mulki da ganima. Mutanen Rabah ma suna da dalilin yin taka-tsantsan: 15 ga Janairu, ranar da ake ajiye furanni domin tunawa da 'yan mazan jiya, ita ce ranar da wasu sojoji suka kashe ɗan garinsu, Sardauna Ahmadu Bello, a Kaduna cikin 1966. Kaki kaɗai ba ya tsarkake mai sanye da shi.

Inda risalar ta yi rauni shi ne tsallakawa daga kambi zuwa takobi, kamar dai abu guda ne. Tartuliyan ya rubuta cikin daular da rundunoninta ke tsare masa iyaka, saboda haka bai fuskanci tambayar wanda zai kare ƙauye idan salihai duka suka ajiye makami ba. Abin mamaki, shi da kansa a littafinsa Apologeticum na 197 ya kafa hujja da cewa Kiristoci suna cikin rundunar Rum, suna kuma yi mata addu'a. Daga baya Agustin, ɗan Afirka ta Arewa kamarsa, ya halatta yaƙin adalci, kuma a kan haka mafi yawan majami'u suka tafi.

Wurno tana ba da amsa ta daban. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da ita ribaɗi domin tsare iyaka daga hare-haren Gobirawa, ya zauna a can har rasuwarsa a 1837, kabarinsa ma yana garin. A wannan fahimta, tsaron iyaka ibada ce saboda rayukan da ke bayan ganuwa, ba saboda tuta ko sunan ƙasa ba. Darajar mai ribaɗi tana rataye da niyyarsa da kiyaye haddin shari'a. Wanda ya san abin da 'yan bindiga suka aikata a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, inda suka kashe mutane da dama, zai yi wuya ya yarda cewa ajiye makami shi ne iyakar taƙawa. Sojan da ke tsare hanyar Sakkwato zuwa Goronyo yana da haƙƙin addu'a, iyalinsa kuma suna da haƙƙin a biya su abin da ya bari idan ya faɗi, kuma De Corona ba ta ce komai ba game da waɗannan biyun.